Damin da Na Mayar wa Dikko

Gonar ta Wada ce, ɗana. Ubansa Bubakar ne ya sare dajin da gatarinsa, can gabas da Garin Tamu kan hanyar Guci, inda gawo uku suke tsaye a jere. Ni Tabawa na kai masa fura cikin gonar nan damina ashirin da wani abu, har Allah ya karɓi abinsa. Yau Dikko ke nomanta, kuma mutanen garinmu, da suka san gaskiyar maganar kamar yunwar cikinsu, sun zuba ido sun yi gum. To ni ba zan yi shiru ba. Ban yi lakwal ba, makarantar bokon nan, ban san baƙi ba, amma ban mance komai ba, har da wautar da na tafka da hannuna.

Abin ya faro ne a ranin da Najeriya ta canja fam zuwa naira. Damina ta yi mana gardama, abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba, ga lanho, harajin gwamnati, an matsa a biya. Sai ga Maikuɗi ya dawo daga Kano. Ɗan garinmu ne, yana fataucin wake da atamfa tsakanin Maigatari da Dungas, ya zo da agogo a hannu da takalmin da ke ƙara in yana tafiya. Kullum da la'asar samari na kewaye da shi a gindin tsamiya. Shi ya gaya wa Wada cewa akwai wani kamfanin jimar fata a Kano da ke ba lebura naira talatin a wata.

Wada ya zo gida idonsa na ƙyalli, ya durƙusa a gabana ya share ƙasa da tafin hannu, ya shiga ja da yatsa.

"Inna, naira talatin kusan jika goma ke nan a kuɗinmu. Jika goma, a wata guda! Ko mu ci rabi mu ajiye rabi, shekara biyu na sayi shanun huɗa biyu da garma, har da amalanke."

Na ce, "Rabin zai ishe ku ci?"

"Haba Inna! Mu nan jika biyar wata nawa take mana?"

Gaskiyarsa, a nan jika biyar sai ta kai mu wata uku. Muka ƙidaya hatsi, muka ƙidaya gishiri da kanwa da ɗan mai, muka ga har da saura. Daga ni har shi babu wanda ya ƙidaya ruwa. Wa ke ƙidaya ruwa? Rijiya na bakin gari, guga na rataye. Babu wanda ya ƙidaya itace ko ɗakin kwana, don mu tun da aka haife mu ba mu taɓa jin an sayar wa mutum wurin da zai sa haƙarƙarinsa ba.

Matarsa Furera ta ce ƙafarta ƙafarsa. Tana goye da ƴarsu Tata, wata bakwai. Wada ya ce ai ma tafiya da ita riba ce, tuwon gida ya fi na saye araha. Ban hana ba. Na ga isassun matan da aka bari suna jiran ƴan cin rani har gashinsu ya yi fari.

Saura gona. Ni ƙarfina bai wuce ƴar gayaunata ta bayan gida ba, gona kuwa in aka bar ta daji take komawa. Dikko ne maƙwabcinmu na iyaka, ƴaƴansa takwas, gonarsa kamar tabarma. Uwarsa ƙawata ce, ni na yi mata wankan jego lokacin da ta haife shi. Aka tafi gaban mai gari, da dattawa biyu, Mainassara da Malam Wakili, aka ba Dikko aron gonar sai Wada ya dawo. Aka faɗi abin da kowa ya sani a ƙasarmu: mai aron gona, duk kaka, sai ya ɗauki dami ɗaya a kansa ya ratsa gari da rana tsaka ya kai ƙofar mai ita. Ba kuɗin haya ba ne, dami ɗaya me zai yi wa mutum? Shaida ce, don duk wanda ya gani ya san gonar tana da mai ita. Dikko ya ce ya ji ya yarda, har da ƙwalla. Aka shafa fatiha.

Daminar da ta biyo baya ita ce wadda ba a son tunawa. Gero ya fito ya ƙone a tsaye. Shanun Fulani suna faɗuwa a bakin rijiya. Da kaka, in za a kira wannan kaka, sai ga Dikko da dami a kansa, zangarniyar kamar wutsiyar ɓera. Ƴaƴansa uku na biye da shi, cikinsu ya kumbura, gashinsu ya yi ja, idonsu na kan damin. Ya sauke a ƙofar gidana, mutane na zaune a inuwa suna kallo.

Na ce, "Ɗauki abinka ka kai wa uwar yaran nan ta dama musu kunu."

Ya ce, "Inna, al'ada ce."

"Al'ada ake ci? Ɗauke mini shi daga nan kafin raina ya ɓaci. Ni da kai akwai dami a tsakani?"

Haka na faɗa, da ƙarfi, kowa na ji. Ya ɗauka ya koma da shi ta tsakiyar gari. Ranar har daɗi na ji a raina, na ce na yi abin kirki. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Nawa ya faɗi, ƙasa ta shanye.

Shekara ta zagayo, ruwa ya sauka, gonar ta yi kyau har ana tsayawa kallo. Dikko bai kawo dami ba. Na ga kamar in na aika tambaya za a ce tsohuwa ta yi kyauta ta dawo tana lashe hannu, sai na haɗiye. A wannan tsakanin Mainassara ya rasu, Malam Wakili kuma ya kwashi iyalinsa ya yi gabas, har yau ba labari. Sojoji suka karɓi mulki a Yamai, aka shiga faɗi a rediyo cewa gona ta mai nomanta ce. Na ji da kunnena a rediyon mai shayi a kasuwar Guci, ban ko kawo a raina da ni ake ba.

Wada kuwa shekara biyun ta cika ta wuce. Da fari ya aiko mini turmin atamfa da naira biyar ta hannun Maikuɗi. Daga baya sai sabulu da gaisuwa. Daga baya sai gaisuwar kaɗai, da cewa in ƙara haƙuri, abubuwa sun kusa daidaita.

Bayan kaka ta uku na bi ta gonar zan je ɗebo kaba. Gambar da Bubakar ya dasa a kan iyaka babu ita, an tumɓuke, gona biyu sun zama ɗaya. Ga sabon rumbu a gindin gawo na tsakiya. Na iske Dikko yana ɗaure kara.

"Dikko, wa ya cire iyakar nan?"

Bai ɗago ba. "Sannu Inna. Wace iyaka?"

"Ta gonar Wada, ɗan nema! Ko idonka ya rufe ne?"

"Ai Inna ke da bakinki kika ce ba dami a tsakaninmu. Gari duk an ji. Ni na ɗauka kyauta ce."

"Damin na ba ka, ba gonar ba!"

"To, ni dai haka na fahimta. Kuma kin ji abin da gwamnati ta ce."

Na ce masa abubuwa da yawa a wurin, har na ambaci uwarsa a kabari, Allah ya yafe mini wannan. Shi dai ɗaurin karansa yake.

Na kai ƙara gaban mai gari. Aka tara mutane a ƙofar gidansa, aka sa ni zama can gefe kamar mai jiran sadaka. Ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni.

"Tabawa, tun da aka ba da gonar nan, dami nawa ya shiga gidanki?"

"Ranka ya daɗe, ai a gabanka aka yi aron."

"Na sani. Dami nawa?"

"Ya kawo na fari na mayar, saboda yunwa."

"Na biyu fa?"

"Bai kawo ba."

"Kin zo kin gaya mini?"

Wani daga baya ya ce, "Uhm." Da na san ko wane ne da na tofa masa yawu.

Mai gari ya ce shi bai mance da aron ba, amma shi kaɗai ya rage cikin shaidu, kuma an yi musu kashedi daga sama kada a karɓe gona daga hannun mai noma a ba wanda ba ya nan. Ya ce ga abin da zai iya: in ruwan shuka ya sauka Wada na gari, ya sa sunguminsa a gonar da hannunsa, to gona ta koma ga mai ita, Dikko ya ja baya. In ruwa ya sauka ba ya nan, wanda ya shuka shi ke da ita, kada a sake kawo masa maganar.

Na aika wa Wada sau biyu. Amsa ɗaya ce, yana nan tafe. Zafi ya tsananta, gawo ya fara zubar da ganye, hadari ya fara leƙowa daga gabas da yamma. Na sayar da akuyata, na bi masu jakai zuwa Maigatari ranar Alhamis, ni da ban taɓa wuce Dungas ba. A tasha na ci karo da Maikuɗi yana loda buhunan wake, ya ƙara ƙiba har wuyansa ya ninku.

"A'a, Inna Tabawa! Ina zuwa haka? Ko ke ma aikin kamfanin za ki nema?"

"Zan je in ga jika goman da ka sayar wa ɗana."

Ya yi dariya. "Ai ban yi ƙarya ba. Ana biya ko ba a biya?"

"Ka gaya masa abin da ake kashewa?"

"Ya tambaye ni? Inna, mai talla ai kayan da ke kan faifai yake kira."

"Allah ya isa tsakanina da faifanka."

Duk da haka shi ya sama mini wuri a bayan motar, bisa buhuna, kuma shi ya kwatanta wa yaron mota unguwar da za a sauke ni.

Na iske su a wani gida mai ɗaki goma sha huɗu, kowane ɗaki da iyalinsa, tsakar gidan kwata ce ta ratsa shi. Ɗakin Wada, rumbun Bubakar ya fi shi faɗi. Furera ta fito ta gan ni ta fashe da kuka. Yarinyar da ta tafi da kumatu, yanzu ƙashin wuyanta sai ka zuba ruwa ya tsaya. Ta sake haihuwa, namiji, ga shi a baya, ni ko labari ban samu ba. Tata ta maƙale a jikin ƙofa tana kallona, ba ta san ni ba.

Furera ta kawo mini ruwa a kwano. Na sha, na wanke fuska da ƙafa, na watsar da sauran a tsakar gida kamar yadda kowa ke yi. Sai na ga ta bi ruwan da ido.

"Lafiya?"

"Ba komai, Inna."

"Ke, faɗi."

"Saye muke yi. Garwa kwabo biyar, in famfo ya ɗauke ta koma sule. Huɗu muke sha a yini, in da wanki shida."

"Ruwan Allah?"

"Shi fa. Itace ma ƴan tsinke huɗu sule biyu, ba ya dafa tuwo da miya sai an ƙara. Ɗakin nan naira huɗu muka kama shi, yanzu takwas. Bara aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, ko kwana bakwai ba a yi ba komai na kasuwa ya ninka. Shi ɗanki an ƙara masa zuwa arba'in da biyar, muka yi murna, ashe kwanon geron da muke saye sule biyu ya koma biyar. Inna, kuka fa, kukar miya da muke kakkaɓowa a bayan gari, a cokali ake auna mana ita. Har masai kuɗi muke tarawa a zo a kwashe."

Na ce, "Ke ba kya sana'a?"

"Na yi ƙosai. Gidan nan kaɗai mu biyar ke yi. Wa zai sayi na wani?"

Wada ya dawo gab da magariba. Tun kafin ya shigo na ji warin jima. Hannunsa duk ya tsage, farcen ya yi baƙi. Ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Ban tsaya dogon gaisuwa ba, na zayyana masa komai, da damin, da Dikko, da hukuncin mai gari. Na ce gobe da asuba mu kama hanya.

Ya ce, "Inna, saura kwana goma sha biyu a yi biya."

"Ruwa zai jira biyanku?"

"In na tafi yanzu aikin kwana goma sha takwas ya tafi a banza. Ba sa biyan rabin wata."

"To ka je ka shuka ka dawo. Kwana huɗu ne."

"Kullum da safe mutum hamsin ke tsaye a bakin ƙofar kamfanin. In ban je ba yini biyu, an ba wani wurina."

"A ba shi mana! Kai ba gida za ka koma ba? Ina abin da ka tara shekara uku?"

Ya sa hannu ƙarƙashin gado ya jawo asusu na ƙasa, ya ajiye a gabana. Na ɗaga na ji nauyi, har raina ya ɗan yi sanyi. Furera ta ce, "Na uku ke nan. Na fari mun fasa da Tata ta yi ƙyanda, na biyu da suna." Na ɗauki taɓarya na buga masa. Kwabbai suka watse a ɗakin, Tata ta bi su da gudu tana dariya. Nauyin duk na kwabo ne. Muka tattara, Wada ya ƙirga sau biyu: naira goma sha bakwai da sule uku.

Na dube shi. "Shanun huɗan ke nan? Wanne ne san, wanne ne amalanken?"

Furera ta ce, "Inna, don Allah."

"Ki bar ni in tambaya! Shekara uku ina cin tuwon dusa ina ce wa mutane ɗana na tara dukiya a Kano!"

Wada ya ce, a hankali, "Ki faɗi duk abin da kike so, Inna, kin isa. Amma ki duba. Kuɗin motarmu mu duka ya cinye rabin wannan. Mu isa gida, iri fa? In na shuka yau, wata huɗu kafin a ci sabon gero. Me yaran nan za su ci a wata huɗun? Rumbunki akwai abin da zai riƙe mutum biyar?"

Babu. Ya san babu, ni ma na sani.

"In na karɓi arba'in da biyar ɗin nan, na sayi buhu biyu mu tafi da su, mu lallaɓa har kaka. In ban karɓa ba, na kai su gida ne su mutu a gonar ubana. Kwana goma sha biyu ne. Bara ai ruwa bai sauka ba sai bayan haka."

Na so in ce ƙarya yake, ban samu ta inda zan kama ba. Na zauna.

Kwanakin nan ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Kullum ina tsakar gida ina kallon ɗan abin da ginin ya bari na sama. Na ga yadda kuɗi ke fita daga hannun Furera tun daga safe, kwabo-kwabo, kamar tulu mai tsaguwa. Ni kaina na zama nauyi, an ƙara garwa ɗaya saboda ni, an ƙara rabin kwano. Na rage shan ruwa, na koma alwala da ɗan abin da ba zai jiƙa kaza ba. Matan gidan suna ce mini Inna ta Faransa, don haka suke kiran ƙasarmu ta ƙetaren iyaka, suna tambaya wai gaskiya ne a wurinmu kyauta ake kwana. Na ce musu a wurinmu ko jaki ba ya biyan kuɗin turke.

Rana ta tara aka yi ruwa a Kano, ɗan yayyafi. Wada ya ce ba lalle ya kai arewa ba. Rana ta goma na sa Furera ta raka ni tashar da motocin Maigatari ke tsayawa. Wata mota ta shigo, taya duk jar laka. Na tambayi direban.

Ya ce, "Ruwa? Hajiya, shekaranjiya daga Gumel har cikin Faransa kwana aka yi ana zubawa. Duk inda muka wuce shuka ake."

Na zauna a ƙasa a wurin, cikin mutane.

Wada ya karɓi biyansa ranar da aka ce. Ya sayi buhu ɗaya, don kuɗin bai kai biyu ba bayan an biya ɗaki, ya saki aikin, muka ɗaure tabarma da tukwane muka taho. Ni dai ina ta faɗa wa raina wataƙila ruwan ya tsallake Garin Tamu, ai yakan yi haka, ya jiƙa wannan gari ya bar na kusa da shi.

Tun daga nesa na ga bai tsallake ba. Ko gida ba mu shiga ba muka wuce gonar, da kayanmu a kai. Gero ya tsiro layi-layi, ganye bibbiyu, daga gawo na fari har inda iyakar take a da, har ya wuce. Dikko na ciki da manyan ƴaƴansa suna cike gurbin da bai fito ba. Ya hango mu ya taho yana goge hannu a riga.

"Maraba da mutanen Kano! Wada, kai ne ka rame haka? Ya hanya?"

Ina jira in ji ɗana ya ɗaga murya. Sai na ji ya ce, "Lafiya lau. Sannu da aiki."

Sannu da aiki! A gonar ubansa!

Na ja shi gaban mai gari a ranar. Mai gari ya ce kwana shida ke nan da shuka, kuma ya riga ya yi magana a gaban jama'a, ba ya lashe ta. Na ce a tone irin. Ya ce, "Tabawa, kin taɓa jin inda Musulmi ya tone shukar da ta tsiro?" Na ce to a bar Dikko ya girbe ta bana, baɗi ya fita. Ya ce ba haka aka yi da ni ba. Na juya ga mutanen da ke zaune na kira su ɗaya-ɗaya da sunansu, na ce wane, ba ka ga Bubakar na saran dajin nan ba? Wane, ba kai ka taya shi dasa gamba ba? Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa. Rabinsu gonar aro ce a hannunsu, hukuncin ya yi musu daɗi.

Buhun da muka zo da shi ya yi kwana ashirin da shida. Wada ya nome mini gayaunata cikin yini uku, daga nan ba abin yi, sai zama a zaure. Na ce mu tafi Magariya gaban kumandan mai mulkin yankinmu, shi da bakinsa ya ce gonarsa ce. Ya ce, "Inna, wanda ya ce gona ta mai noma ce, shi za mu kai wa ƙarar mai noma?" Na ce ko shi ne, ai yana da kunne. Ya ce shi ya gaji. Ya ce zai koma Kano shi kaɗai ya tsaya a bakin ƙofar kamfanin cikin mutum hamsin ɗin, ya kwana a tasha, Furera da yara su zauna wurina. Wai ta haka ne kaɗai zai iya ajiye wani abu, tun da a nan ba a sayen ruwa. Wato dabarar da shekara uku ta koya masa ke nan, ya bar wa tsohuwa baki uku.

Kuɗin mota ne babu. Ban san inda zai samo ba, ban kuma tambaya ba, don ba na masa magana a kwanakin. Ranar Lahadi da hantsi Furera ta shigo daga rijiya ta sauke tulu, ta tsaya tana murza bakin zane.

"Inna, Dikko na neman ƴan ƙwadago, noman fari. Dala talatin a yini da fura."

"To, sai me? Allah ya sa ciyawar ta cinye shi."

"Tun asuba ya tafi."

"Wa?"

Na fita ko mayafi ban ɗauka ba. Daga kan tudun bayan gari ana hango gonar. Su bakwai ne a jere da hauya, Dikko na tsaye a inuwar gawo yana nuna musu inda za su bi. Na uku daga dama Wada ne. Ko a cikin dubu na san yadda yake tura hauya, irin na ubansa ne, kafaɗa ɗaya a sama.

Yini huɗu ya yi. Ranar Alhamis ya bi masu jakai zuwa Maigatari, ya bar wa Furera dala arba'in. Da ya durƙusa yi mini sallama na sa masa albarka, don uwa ba ta hana wannan, amma ban dube shi ba.

Washegari na ɗaure ƙullin gari a gefen zane na ɗauki sandata. Furera ta biyo ni har bakin rijiya da yaron a baya.

"Inna, Magariya yini biyu ce a ƙafa. In suka ce ina mai gonar, me za ki ce?"

"In ce ga uwarsa."

"In suka kore ki fa?"

"In kwana a ƙofarsu. Koma ki ɗora wa yaran nan kunu, kuma ki rage hannu, abin da ke cikin tukunyar nan shi ke nan."

Hanyar Magariya ta gefen gonar ta bi, ba yadda za a kauce. Geron ya kai gwiwa, ya yi baƙi-ƙirin don kyau, ba ciyawa ko ɗaya.